Man Da Na Rage Wa Motar Zulkifli

Na ga saƙonninku, masu cewa Allah ya sanya alheri da masu son in ɗora hoton lefe. Addu'ar ku ci gaba da ita, ina buƙatarta fiye da jiya. Hoton kuwa ku yi haƙuri, babu. Ku fara jin abin da na aikata tukuna, in kun ga na cancanci a taya ni murna sai ku taya ni.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Khuzaima, 'yar Malam Badamasi mai gyaran wutar mota a Birnin Kudu. Garejin Baba a jikin gidanmu yake, ƙofar baya ce kawai ta raba mu, don haka da warin fetur na tashi kamar yadda wasu suka tashi da ƙamshin turaren wuta. Na je na yi difloma a kwamfuta, na dawo na tarar idon Baba ya fara yi masa gardama. Sai ya ɗaga wayar wutar mota sama, ya ƙanƙance ido, ya ce, "Uwata, wannan ja ce ko ruwan ƙasa?" Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake kirana haka. Tun ina faɗa masa launi har na koma riƙe masa mita, har na zama ni ce mai jona na'ura in karanta masa abin da ke damun mota.

Inna ba ta taɓa son abin ba, amma ba ta kafa doka ba sai da Zulkifli ya fito.

Zulkifli direba ne ɗan Basirka, yana jigila tsakanin Gwaram da nan da wata mota Sharon ruwan toka da mahaifinsa ya bar masa. Mutum ne mai kunyar tsiya. In ya zo zance can nesa yake ajiye motar ya tako da ƙafa, wai kada ya iso ƙofar gidan suruki a zaune. Gwaggonsa Ummussalma ce ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsa, kuma ko tuntuɓe ya yi sai ya gaya mata. Ranar da ta fara zuwa ganina, ta kama hannuna muna gaisawa ta ƙi saki. Juya shi take yi tana leƙen ƙarƙashin farce.

"An ce mana tana shiga gareji," ta ce da Inna, tana murmushi.

"A da ne, Hajiya, da ƙuruciya," in ji Inna. "Yanzu ko hanyar ba ta bi."

Ni kuwa a safiyar nan na gama goge baƙin mai da lemon tsami. Suna fita Inna ta juyo kaina. "Kin dai ji abin da na faɗa da bakina. Kada ki mayar da ni maƙaryaciya a gaban surukai."

Na ce to. Kuma wallahi da niyyar cikawa na ce.

Sai damina ta yi nisa, Zulkifli ya kutsa wani ruwa a hanyar ƙauye, ruwan ya kashe masa birenbos, wato ƙwaƙwalwar da ke gaya wa inji yawan man da zai sha da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Aka jawo motar garejinmu. Aka kawo wata ta hannu daga Kano, ta ƙi karɓa. Aka sake kawo wata, ta tashi da safe ta mutu da azahar. Motar ta zauna a ƙarƙashin tamfol kaji suna kwana a inuwarta, shi kuma ya koma tasha yana jiran wanda zai ba shi aron sitiyari. Ga maganar lefe ta matso. Bai taɓa yi wa Baba maganar motar ba, ko sau ɗaya. Zai zo ya tsuguna ya gaishe shi, ya saci kallon tamfol ɗin, ya tafi.

Ni ce na kawo shawarar. Na daɗe ina kallon bidiyon wata irin birenbos da ake sayarwa fanko, ba ta san kowace mota ba, kai ne za ka jona ta ka koya mata komai da kwamfuta. Har ina cikin wani guruf na masu koyo, inda kowa yake zaton ni namiji ce don ban taɓa gyara musu zato ba.

Baba ya daɗe yana kallona. "Za ki iya, Uwata?"

"Zan koya, Baba."

Inna ta ji, ta yi faɗan da za ta yi, sannan ta sauko da sharaɗi. "Wannan ne na ƙarshe. A rufe ƙofar gareji. Kowa ya tambaya, Malam ne ya yi. Shi kansa yaron kada ya ji, don abin da ya ji gwaggonsa ta ji."

Da za ku gan ni a kwanakin nan da kun yi dariya. Tsohuwar jallabiyar Baba har ƙasa, ɗankwali ɗaure tam, hannuna cikin safar roba irin ta masu wanke-wanke don kada farce ya tona min asiri. Baba yana feɗe tsofaffin wayoyi, ni ina bin zane a takarda ina cewa wannan ta nozul ce, wannan ta koyil, wannan ta sensar da ke jin juyin inji. Na ƙona fiyus har Baba ya daina ƙirgawa. Ranar da muka fara murza makulli, motar ta yi wani tari ta salansa da ya watsa kajin Inna har kan katanga. Na juya wayar sensa ne baibai. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, rabon da in ji ya yi irinta tun kafin idonsa ya fara.

Ranar da ta tashi kuwa, injin yana ta juyawa a silo lafiya lau tana tsaye, Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan injin ya rufe ido yana saurare. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Har yanzu da sauranmu." Ban mance da wannan kalmar ba. Ita ce take cina yanzu.

Bari in yi muku bayanin aikin a taƙaice, don ku gane girman wautata. A fuskar kwamfutar akwai wani allo mai gida-gida kamar na dara. Kowane gida da lambarsa, lambar ita ce man da inji zai sha a wannan halin. Gidajen ƙasa na lokacin da mota take tsaye ne ko tana tafiya ba kaya. Gidajen sama na lokacin da aka danƙare ta da kaya ne, direba ya taka totur tana hawa tudu. Na saka mata lambobin farko da ake bai wa kowane mai koyo, masu yalwar mai, waɗanda ba sa cutar da inji sai dai aljihu. Muka fita gwaji hanyar Surko, Baba yana tuƙi, ni ina kujerar baya cikin zumbulelen hijabi da laftof a cinya. Mu biyu kacal a mota mai ɗaukar jama'a da buhuna. Ta tafi sumul.

Saura abu ɗaya. Akwai wata sensa da ake ɗaurawa a salansa, ita ke shinshinar hayaƙi ta gaya maka ko man ya ishi inji ko bai ishe shi ba. Tamu ba ta iso daga Kano ba. A guruf babu abin da ake nanata wa sabon shiga kamar wannan: in ba ka da ita, kada ka rage mai. Na karanta, na gane, har na taɓa tura wa wani sabo wannan gargaɗin da hannuna.

To ana gobe zai karɓi motar, muna hira da Zulkifli a waya bayan la'asar, ya rubuto:

"Ni fargabata ba tashinta ba ce, shanta ne. Duk abin da na samo a tasha a gidan mai nake barinsa."

Na ce, "Allah zai kawo sauƙi."

Ya ce, "Amin. Ina so ranar da kika tare ki tarar ban gaza miki ba."

'Yan uwa, wannan maganar ce ta kai ni. Ba ina neman uzuri ba ne, ina dai gaya muku inda ƙafata ta zame. Washegari da hantsi Baba ya tafi jana'iza, na zura safar robata na shiga gareji. Na tuna duk direban da ya zo wurin Baba da tsohuwar mota mai kafireto abin da yake roƙo ke nan, a ɗaure mata mai, kuma Baba ya ɗan murɗa sukuru kowa ya tafi yana godiya. Na ce ai ni ma murɗawar zan yi, da yatsa kawai. Na shafa allon nan gaba ɗayansa, na ƙasa da na sama, na rage. Na tayar da ita, ta yi silo mai daɗi. Na ƙara ragewa kaɗan. Har wani fasa kai na ji, ina cewa a raina ga kyautar da babu budurwar da ta taɓa yi wa saurayinta a garin nan.

Ban gaya wa Baba ba. Na san zai ce a jira sensa.

Kwanakin farko sai sambarka. Saƙo yana bin saƙo. "Khuzaima, motar nan ta daina shan mai. Allah ya saka wa Baba." "Yau direbobin Gwaram sun kewaye ni, kowa yana tambayar wa ya yi aikin." Har wasu biyu suka zo gareji suna neman a yi musu irinta. Baba ya ce su dakata sai bayan biki, amma na ga yadda ya gyara zaman hularsa bayan sun tafi. Ni kuma ina ɗaki ina murmushi ni kaɗai kamar wata mai aljanu.

Sai ranar kasuwar Gwaram ya kira ni da yamma. Mun gaisa, ya hau kame-kame irin nasa.

"Akwai magana ne?" na tambaye shi.

"Ba wata babba ba ce. In na yi lodi sosai ina hawa, sai in ji wata 'yar ƙara a inji. Kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. In na ɗaga ƙafa sai ta ɗauke."

 Na san wannan ƙarar, na sha jin ta a bidiyo. Ƙarar injin da man bai ishe shi ba ce, yana cin kansa da zafi.

"Ka dawo da ita gobe," na ce.

"In dawo da ita in ce me?"

"Ka ce tana ƙara mana."

"Haba Khuzaima. In tsaya gaban Baba in ce aikinsa bai yi ba? Mutumin da ya ɓata kwanakinsa a kanta ya ƙi karɓar ko sisi? Da wane idon zan kalle shi? Kuma ana saura kiris a kawo lefe, sai a ce tun ban shigo gidan ba na fara ƙorafi."

"Ai ba ƙorafi ba ne."

"A wurinki. Ki bari kawai, bayan biki na san yadda zan yi in sako zancen a hankali. Ke ma don Allah kada ki gaya masa."

Kun ga inda ya kamata in buɗe baki, ko? Kalma kaɗan ce. Ba Baba ba ne, ni ce, kawo ta in mayar. Aikin da bai fi a jona waya a danna ba. Bayan mun ajiye har na rubuta masa, na zauna ina kallon rubutun. Sai na hango Gwaggo Ummussalma tana juya hannuna. Na hango Inna tana cewa ko hanyar ba ta bi. Na goge. Abin da na tura masa shi ne, "To ka riƙa tafiya a hankali."

Na ce wa kaina zan san dabarar da zan yi motar ta kwana a gidanmu. Na ce bayan lefe. Kullum in na yi sallah sai na roƙi Allah ya riƙe injin nan, kamar ba ni da hannun da zan gyara shi.

Jiya Asabar aka kawo lefen. Tun safe gidanmu ya cika da 'yan uwan Inna. An soya kaji, an yi waina da sinasir, an jera lemo a randa da ƙanƙara. Ni aka tura ni ɗakin Inna na ƙurya, inda amarya take ɓuya, cikin atamfata kore mai zanen ganye da mayafi ruwan madara, ga jan lalle da aka zauna aka yi min har wuyan hannu. An ce za su iso kafin azahar. Aka yi azahar babu su. Waina ta huce, 'yan uwan Inna suka fara leƙa ƙofa suna ƙus-ƙus.

Wayata ta yi ƙara. Hoto ne ya turo, babu rubutu. Sharon a gefen titi, bonet a ɗage, hayaƙi yana fita. A bayanta akwatunan lefena ne jere a ƙasa kan ciyawa, ga mata cikin leshi a tsugune ƙarƙashin wata bishiya suna fifita da gefen mayafi.

Na kira shi nan take.

"Mun wuce Gwaram kaɗan," ya ce. Muryarsa a daidai take, wannan ya fi komai tayar min da hankali. "Ina hawa ƙarar ta tsananta, sai ta saki gaba ɗaya. Wani bakanike ya duba, ya ce injin ya buga, fistin ya narke. Na samar wa su Gwaggo wata motar, suna tafe."

"Kai fa?"

"Ina nan tare da ita. Ba zan bar ta a titi ba."

Mota cike da mata, akwatuna a but, wasu a kan rufi, ga buhun shinkafar da Gwaggo ta ce a haɗo, ga zafin rana. Gidajen saman allon nan ke nan, waɗanda ban taɓa gwadawa ba, na shafa su na rage don ina son a ce na iya.

Sai dab da la'asar suka iso a bayan a-kori-kura, leshi ya yamutse, akwati ɗaya ya ƙuje a kusurwa. Aka yi musu sannu, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka fara buɗe kaya. Ta labule nake hango komai. Gwaggo Ummussalma ta sha ruwa, ta goge baki, ta dubi Inna.

"Ku yi haƙuri da jira, Hajiya. Mu ma ba mu zaci haka ba, tunda motar daga hannun suruki ta fito. Da wani ne ya taɓa ta sai mu ce ko ba a so mu iso ne."

Wasu suka yi 'yar dariya don a mayar da ita wasa. Inna ma ta yi, amma na san wannan dariyar tata. Baba yana zaure, kuma tsakar gidanmu ba ta da faɗin da magana za ta ɓace a hanya.

Saƙon Zulkifli ya sake shigowa. "Na ce wa mutanen tasha gurɓataccen mai na sha a bakin hanya. Gwaggo ce dai ta ƙi yarda. Ki lallashi Baba, kada ya sa abin a ransa."

Kun ji fa. Motarsa ta mutu, abincinsa ya tsaya, yana zaune a titi cikin rana, kuma abin da ya dame shi kada ran Babana ya ɓaci. Na kifa kaina a gwiwa na yi kuka marar sauti, don kada kwalli ya ɓaci a ce amarya ba ta son auren.

Ana cikin ɗaga atamfofi ana guɗa na ji gyaran muryar Baba a bakin ƙofar baya, wadda take kusa da tagar ɗakin da nake. Bai taɓa shigowa cikin taron mata ba. Ya tsaya daga waje ya yi sallama, ya ce da su Gwaggo, "A yi haƙuri da abin da ya faru. Aikina ne, kuma ni zan ɗauki gyaran." Sannan ya matso jikin tagar ya rage murya.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Zan je in jawo ta. Ki ba ni zanen wayoyin nan in tafi da shi."  Igiyar jan mota tana kafaɗarsa, ya sa tsohuwar rigar aikinsa a kan sabuwar shaddar da ya ɗinka don ranar. "Tun ɗazu nake lissafi. Akwai wayoyi biyu da na haɗa ranar da kika shiga cin abinci, ban tambaye ki launinsu ba. Ina jin nan ne. Idon nan ne, Uwata. Na daɗe ina yi wa kaina ƙarya. In na gyara wa yaron nan motarsa zan rufe garejin, kafin in kashe wani a hanya."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Wayoyin nan biyu na duba su da kaina a ranar, daidai suke. Babu abin da Baba ya kuskure a motar nan, ko ɗaya.

Na jawo laftof ɗin daga ƙarƙashin katifar Inna inda nake ɓoye shi. Na zura hijabi a kan atamfar. Daga ɗakin zuwa ƙofar baya dole sai ka ratsa tsakar gida, babu wata hanya. Na ɗaga labule na fito.

Guɗar ta tsaya. Amarya ba ta fitowa ranar lefe, kowa ya sani. Inna ta kafe ni da ido, tana girgiza kai a hankali yadda ni kaɗai zan gani. Na gani, Inna, wallahi na gani.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo Ummussalma. "Ina amarya za ta da wannan abin a hannu?"

Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata. Na ɗaga murya yadda za ta kai bakin ƙofa, inda Baba yake tsaye da igiyarsa.

"Wurin motar za ni, Gwaggo. Ba wayar Baba ba ce ta kashe ta. Ni na saka mata ƙwaƙwalwar, kuma ni na rage mata mai bayan ya gama, bai sani ba."

 Na ji igiyar ta zame daga kafaɗar Baba ta faɗi ƙasa. Gwaggo ta dubi hannuna mai jan lalle da ke riƙe da laftof, ta daɗe tana dubansa kamar ranar farko. Sannan ta ninke atamfar da ke cinyarta, ta mayar da ita cikin akwatin da ke buɗe a gabanta, ta jawo murfin a hankali ta rufe.